Kafin ka sake kashe kuɗi a kan kayan atisayen garawa, karanta wannan zaren

1/ Jama'a masu buga golf, da masu shirin farawa, ku matso kusa. Yau zancen garawa za mu yi, wato bugun nan na ƙarshe da ake mirgina ƙwallo a kan girin har ta faɗa rami, wanda Turawa ke ce wa putting. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Bari in faɗi matsayata tun farko, kada wani ya ce na yi masa kwana-kwana. Yawancin kayan atisayen da ake tallata mana a Instagram da YouTube saiti suke koyarwa. Mu kuwa abin da ke cinye mana maki shi ne ƙarfin bugu, wato sanin inda ƙwallo za ta je ta tsaya. An bar jaki ana dukan taiki.

3/ Garawa aiki uku ne a haɗe. Ka karanta girin ka gane inda ƙasa ta karkata. Ka saki ƙwallo a kan layin da ka zaɓa. Ka ba ta ƙarfin da ya dace da wannan layin. Madubi da leza da allon lilo da tabarmar garawa, kusan dukkansu na biyun kaɗai suke taɓawa. Dalili? Shi ne wanda ake iya sa wa kwali a manna masa farashi.

4/ Mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Faɗin rami inci 4.25 ne, wajen santimita 10.8. Faɗin ƙwallo inci 1.68. Idan kana nisan ƙafa 10 da rami, fuskar fotarka ta kauce da digiri ɗaya tak, ƙwallon za ta kauce da inci 2 da ɗan ɗoriya. Wato daidai leɓen ramin. Don haka a gajeren bugu saiti ba abin wasa ba ne, wannan ban musa ba.

5/ To amma koma nisan ƙafa 30. Kuskuren digiri ɗayan nan zai kautar da ƙwallo da inci 6 kacal. Ka taka ka tura ta ciki, an wuce wurin. Idan kuwa ƙarfi ka kuskure da kashi 20 cikin 100, ka bar wa kanka ƙafa 6. Kuma ƙafa 6 nisa ne da ko ƙwararru ke zubarwa. Wanne ne ya fi tsada a cikin kurakuran nan biyu?

6/ Akwai wani farfesa a Jami'ar Columbia da ke Amurka, Mark Broadie, wanda ya zauna ya tace miliyoyin bugu na 'yan wasa. Ma'aunin da ya ƙirƙira PGA Tour ta fara amfani da shi a 2011, littafinsa Every Shot Counts kuma ya fito a 2014. Alƙalumansa na da sanyaya gwiwa, amma suna da amfani.

7/ Ga abin da ƙwararrun PGA Tour ke jefawa da bugu ɗaya:
Ƙafa 3: kashi 96
Ƙafa 5: kashi 77
Ƙafa 8: kashi 50
Ƙafa 10: kashi 40
Ƙafa 20: kashi 15
Ƙafa 30: kashi 7
Mutanen da wannan ce sana'arsu ke nan, a kan girin mai laushi kamar kilishin masallaci.

8/ Shi kuwa irin namu, mai buga 90 a zagaye, rabinsa yana ƙafa 5 ne. Biyar ya ci, biyar ya zubar. Saboda haka Alhaji, idan ka zubar daga ƙafa 15 ka daina harara kadi kana buga sanda a ƙasa. Ko zakaran duniya ne ya tsaya a wurin nan, zubarwarsa ta ninka cinsa sau uku. Ba nan ne asararka take ba.

9/ Asarar tana wajen gara uku a rami ɗaya. Kuma ga yadda take faruwa kullum: bugunka na shiga girin ya sauka nesa, ƙafa 35 ko 40. Ka gara ta farko, ta tsaya a hanya ko ta zarce da ƙafa 7. Ka zubar da ta biyu. Ka ci ta uku kana tsaki. Ka dawo gida ka ce gajeren bugu ne matsalarka, ka shiga intanet neman madubi.

10/ Alhali ta farkon ce ta jefa ka a wahala. Ƙwararru daga ƙafa 40 sau ɗaya cikin goma suke yin gara uku. Ba don suna jefa ta farko ba, ai ba sa jefawa. Suna ajiye ta ne kusa da rami, inda ta biyu ba ta buƙatar addu'a. Wannan gwanintar auna nisa ce, kuma ba a sayar da ita a kwali.

11/ Misali na kusa: US Open ta 2025 a Oakmont. J.J. Spaun ya iso rami na 18 yana buƙatar gara biyu ya ɗauki kofi, ƙwallonsa na nisan ƙafa 64, ga ruwan sama ya jiƙa fili. Viktor Hovland ya riga shi bugawa daga kusan layi ɗaya, Spaun ya leƙa ya ga gudunta da karkatarta. Ya gara, ta faɗa. Faɗawar nan rabo ne. Kai ta bakin rami da ƙarfin da ya dace, shi ne aikin.

12/ Ga kishiyarsa. US Open ta 2015 a Chambers Bay, Dustin Johnson na nisan ƙafa 12 a ramin ƙarshe. Ya jefa ya ci kofi, ya yi biyu a je raba gardama da Jordan Spieth. Girin mai gangara ne, ya gara ta zarce da wajen ƙafa 4, ya zubar da ta dawowa. Gara uku daga ƙafa 12, kofi ya tafi hannun Spieth. Kowa na tuna ta biyun, amma ta farkon ce ta haifi ta biyun.

13/ Yanzu mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce ƙiyayya ce kawai. Madubi tukuna. Kana ajiye shi a ƙasa, ka ɗora ƙwallo, ka ga inda idanunka da kafaɗunka suke. Yana da amfani, musamman ga sabon shiga, don mutane da yawa na tsayawa a karkace ba su sani ba. Minti biyar ya isa. Wanda ya yi awa guda a kan madubi tsayuwa ya koya, bai koyi garawa ba.

14/ Sai allon lilo da dogayen ƙarafan da ke tilasta wa fota bin hanya ɗaya. Nan ne na fi ja. A 2008 wasu masu bincike, Karlsen da Smith da Nilsson, sun auna ƙwararrun 'yan wasa don gano abin da ke tantance inda ƙwallo ke dosa. Inda fuskar fota ke kallo lokacin haɗuwa da ƙwallo ya ɗauki kusan kashi 80. Hanyar lilo kashi 17. Wurin da ƙwallo ta taɓa fuska kashi 3.

15/ Dave Pelz, masanin kimiyyar da ya bar aiki a NASA ya koma koyar da gajeren wasa, shi ma kusan haka ya samu: kashi 83 fuska, 17 hanya. To ka ga wanda ya sayi na'ura mai tsada don gyara hanyar lilo, kashi 17 na kashi ɗaya cikin uku na aikin ya je gyarawa. Anya kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

16/ Kuma ka dubi manyan masu garawa, ba lilonsu ɗaya ba. Ben Crenshaw dogon lilo yake yi mai lanƙwasa. Jack Nicklaus duƙawa yake yi sosai kamar mai neman allura a ƙasa. Brandt Snedeker ɗan gajeren duka yake yi mai sauri. Abin da ya haɗa su shi ne fuskar fota na dawowa wuri ɗaya kowane lokaci, kuma hannunsu ya san nisa.

17/ Idan fuska kake son gyarawa, maganin kusan kyauta ne. Tiger Woods ya shafe shekaru yana yin atisayen ƙofa: tsinken ti biyu a soke a ƙasa, faɗinsu ya ɗan ɗara kan fota, ƙwallo a tsakiya, rami a nisan ƙafa 3 zuwa 4. Wani lokaci da hannun dama kaɗai yake bugawa. Mutumin da zai iya sayen kamfanin da ke ƙera na'urorin nan dungurungum, tsinke biyu yake sokawa.

18/ Ƙara ƙofa ta biyu a gaba, taku ɗaya daga ƙwallo, faɗinta ya ɗan fi ƙwallon kaɗan. Idan ta wuce ba ta taɓa tsinke ba, ka sake ta a kan layi. Idan ta taɓa na hagu sau bakwai cikin goma, ka san fuskarka na rufewa. Amsar da leza za ta ba ka ke nan, babu batir babu kuɗin kwastan.

19/ A gida kuma, nemi doguwar rula ta ƙarfe mai mita ɗaya a shagon kayan gini. Ɗora ƙwallo a wannan bakin, ka gara ta har ta sauka ta wancan bakin ba ta zame gefe ba. Ranar farko za ta ba ka haushi. Ko ka sayi zaren alli irin wanda magina ke fitar da layi da shi, ka ɗana shi a girin atisaye inda babu gangara. Ka dai nemi izinin mai kula da fili tukuna.

20/ Tabarmar garawa fa? Ita ce kowa ke fara saya, a shimfiɗa a falo ko ofis. Ba na cewa a ƙona ta. Amma dubi abin da take koyarwa: ƙasa a miƙe sumul, gudu iri ɗaya, nisa ɗaya, wata ma har dawo maka da ƙwallo take yi. Ka jefa 30 a jere ka ji kai ne sarki. A fili kuwa ba za ka taɓa samun bugu biyu masu kama da juna a jere ba.

21/ Masana koyon motsin jiki sun daɗe da gano wannan. Tun gwajin Shea da Morgan na 1979 aka ga cewa mai maimaita abu ɗaya a jere ya fi burgewa lokacin atisaye, amma wanda aka cakuɗa wa aiki ya fi riƙe abin idan an dawo gwaji daga baya. Ƙwaƙwalwa idan ta san amsa ta daina lissafi. Ƙwallo ta biyar daga wuri ɗaya, hannu ne kawai ke kwaikwayon ta huɗu.

22/ Kada kuma a manta, doka ta 4.3 ta hana amfani da irin waɗannan kayan taimako a tsakiyar zagaye. Madubi ba zai bi ka rami na 18 ba. Duk abin da ka saba jingina da shi, ranar gasa a jaka zai kwana. Shi ya sa duk atisayen da ka fara da na'ura, ka ƙarasa shi babu ita, ka ga ko abin ya zauna a jikinka.

23/ To ta yaya ake koyon ƙarfin bugu? Na farko, tsani. Soka ti a ƙafa 15, wani a ƙafa 30. Ƙwallo ta farko ta ɗan wuce ti na farko. Ta biyu ta wuce ta farko kaɗan. Ta uku ta wuce ta biyu. Nawa za ka iya jerawa kafin ka ƙure ti na biyu? Wadda ta gaza ko ta zarce, ka koma farko. Shida ba laifi, goma kam hannunka ya fara ji.

24/ Na biyu, manta da rami gaba ɗaya. Tsaya a tsakiyar girin ka riƙa garawa zuwa bakinsa, inda gajeriyar ciyawa ta haɗu da doguwa, ƙwallon ta tsaya dab da iyakar ba ta haura ba. Juya ko'ina: hawa, gangara, gefe. Da zarar babu rami, ido ya daina damuwa da layi, hankali duka ya koma kan nisa.

25/ Na uku, ka buga ka ƙi ɗaga kai. Kafin ka duba, faɗa da bakinka: ta gaza, ta zarce, ko daidai, kuma da ƙafa nawa. Sannan ka duba. Da farko za ka sha mamakin yadda hannunka ke yi maka ƙarya. Bayan mako biyu ko uku hasashenka zai fara matsowa kusa da gaskiya. Abin da ake kira ji ke nan, kuma koyonsa ake yi.

26/ Na huɗu, gwada garawa kana kallon rami maimakon ƙwallo. Wanda zai jefa maka makullin mota ai kai yake kallo, ba ya kallon hannunsa. Jordan Spieth ya sha yin haka a gajerun bugu har a manyan gasa. Ko ba za ka yi shi ranar wasa ba, a atisaye yana haɗa ido da hannu sosai.

27/ Wane ƙarfi ne daidai? Pelz ya ce wanda idan ƙwallo ta kuskure rami za ta zarce da inci 17. Wasu kociyoyin na ganin ƙafa ɗaya ko ƙasa da haka ta wadatar. Hujjarsu: duk yadda ƙwallo ta ƙara gudu, rami ƙanƙancewa yake yi, don wadda ta zo a hankali tana faɗawa ta leɓe, mai gudu kuwa sai ta lashi baki ta fice. Ni dai ina tare da na biyun a gangara, ina tare da Pelz a hawa.

28/ Daga ƙafa 30 zuwa sama kuma ka cire zancen "dole ta wuce rami" daga ranka. Kashi 7 ne fa na ƙwararru. Burinka ta tsaya cikin taku ɗaya da rami, gaba ko baya duk ɗaya. Wanda ya bar ta inci 10 kafin rami ya fi wanda ya zarce da ƙafa 5 yana cewa "ai na ba ta dama".

29/ Wani abin da tabarma ba za ta koya maka ba: kowane fili da gudunsa. Edward Stimpson ya ƙirƙiri ma'aunin gudun girin a 1935, hukumar USGA ta raba shi ga filaye a 1978. Ɗan ƙarfe ne mai kwari, a saki ƙwallo ta gangaro, a auna ƙafa nawa ta yi. Filayen manyan gasa kan kai 12 zuwa sama. Filin kulob na yau da kullum bai kai nan ba.

30/ Mu nan abin ya fi haka rikitarwa. Wanda ke buga wasa tsakanin Abuja da Kaduna da Kano da Jos ya san ba ƙasa ɗaya yake takawa ba. Girin damina daban, na lokacin hunturu da ƙasa ta bushe ƙayau daban. Da safe raɓa na riƙe ƙwallo, da la'asar ta sake ta. Wasu wuraren ma ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai, sai an share maka hanya kafin ka buga.

31/ A kan yashin nan ƙwallo ba ta cika lanƙwasa ba, kuma tana son duka mai ƙwari. Wanda ya saba da shi idan ya hau ciyawa mai santsi sai ya riƙa zarcewa, wanda ya saba da ciyawa idan ya zo yashi sai ta riƙa mutuwa masa a hanya. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Minti goma na farko a kowane sabon fili, dogayen bugu za ka yi, ka tambayi ƙasar gudunta.

32/ Ciyawar ƙasashe masu zafi irin Bamuda kuma tana da kwanciya, kamar gashin dabba. Duba girin daga inda kake tsaye: idan yana sheƙi, ciyawar ta kwanta ta ba ka baya, ƙwallo za ta yi gudu. Idan ya yi duhu, ta fuskanto ka, sai ka ƙara ƙarfi. Tsofaffin kadi sun san wannan sarai, ko da ba su taɓa karanta shi a littafi ba. Tambaye su.

33/ Mu zo karatun girin. Pelz ya gwada ɗimbin 'yan wasa ya ga kusan kowa na raina karkata, abin da suke gani bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ainihin lanƙwasar ba. Shi ya sa mafi yawan zubarwarmu ta ƙasan rami take bi. Kuma wadda ta bi ta ƙasa guduwa take yi daga rami, wadda ta bi ta sama kusanto shi take yi. Idan kana shakka, ƙara karkata.

34/ Tsarin AimPoint na Mark Sweeney, wanda kuke ganin Justin Rose da Adam Scott da Keegan Bradley na ɗaga yatsu a gaban fuska, a kan wannan aka gina shi. Ka tsaya ƙafafu a ware a kan layin, ka ji wace ƙafa ce ta fi ɗaukar nauyinka, ka kimanta gangarar kashi 1 ce ko 2 ko 3. Mutane na yi masa tsiya saboda ɓata lokaci, kuma suna da gaskiya wani lokacin. Amma tushensa daidai ne: tafin ƙafa ya fi ido gaskiya.

35/ Nan ne wuri ɗaya da zan ce ka yi amfani da na'ura, kuma tana aljihunka. Akwai manhajar auna gangara a waya. A girin atisaye, tsaya ka yi hasashe da ƙafarka, sannan ka ajiye wayar a ƙasa ta gaya maka gaskiya. Hasashe tukuna, awo daga baya. A atisaye kawai fa, a cikin zagaye doka ba ta yarda ba.

36/ Ƙa'idata ke nan ga kowane kaya. Tambayi kanka: wannan abin gaya mini yake yi abin da na aikata, ko yi mini aikin yake yi? Ƙofar ti, rula, manhajar gangara, ɗaukar bidiyo da waya, duk shaidu ne, suna faɗa maka sakamako. Ƙarfen da ke riƙe fotarka a hanya kuwa sandar guragu ce. Ranar da ka ajiye ta ka koma inda kake.

37/ Saura ido da zuciya. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta gano cewa gwanaye na kafe ido wuri ɗaya a bayan ƙwallo na daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin su buga, kuma idon na nan bayan ƙwallon ta tafi. Marasa gwaninta idonsu yawo yake yi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun koya wa wasu 'yan wasa wannan, garawarsu ta ragu da kusan bugu 2 a zagaye. Ko sisi ba a kashe ba.

38/ Zuciya kuma, ku tuna Rory McIlroy a Pinehurst, US Open ta 2024. Kafin rami na 16 a ranar ƙarshe, ya jefa 496 cikin 496 daga cikin ƙafa 3 a kakar. Ya zo ya zubar da ƙafa biyu da rabi. A na 18 ya sake zubar da wadda ba ta kai ƙafa 4 ba. Bryson DeChambeau ya ɗauki kofi da bugu ɗaya. Wa zai ce madubi ne Rory ya rasa?

39/ Tsoro ba a cire shi, sabawa da shi ake yi. Jackie Burke ya taɓa ƙalubalantar Phil Mickelson ya jefa 100 a jere daga ƙafa 3, ƙwallaye a zagaye da rami, idan ya zubar da ɗaya ya koma farko. Kai fara da 20. Lokacin da ka kai ta 18 magariba na kawo jiki, za ka ji tafin hannunka ya jiƙe. Wannan jiƙewar ita kake nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

40/ Ko ka ja abokinka ku yi ramuka tara a girin atisaye, ƙwallo ɗaya kowa, uku gajeru uku matsakaita uku dogaye, kowane rami bugu biyu ne ma'auni, jimla 18. Ba caca na ce ba, wanda ya sha kaye ya ɗauki jakar ɗan'uwansa zuwa mota. Dubi yaran kadi da yamma, fota ɗaya tsohuwa suke karɓa-karɓa, ƙwallo ɗaya, gasa da ihu. Shi ya sa da yawansu suka fi iyayen gidansu iya garawa.

41/ Na san abin da wani zai ce: to Scottie Scheffler fa? Gaskiya ne. A 2023 babu kamarsa daga ti zuwa girin, amma a garawa yana can ƙasa da na 150. A Maris 2024 ya koma fota mai faɗin kai ta TaylorMade Spider, ya ci gasar Arnold Palmer a makon, ya ci Players, ya ci Masters, ya ci zinare a Olamfik ta Faris. Kaya na da tasiri, wa ya isa ya musa?

42/ Har hukumomi sun yarda da haka. Bayan Keegan Bradley a 2011, Webb Simpson da Ernie Els a 2012, da Adam Scott a 2013 sun ci manyan gasa da doguwar fota jingine da jiki, aka haramta jinginawar daga 1 ga Janairun 2016. Ba a haramta abin da ba ya aiki.

43/ Amma a karanta labarin Scheffler daga farko. Watanni kafin ya canza fota ya riga ya fara aiki da koci Phil Kenyon. An gano ciwon tukuna, sannan aka nemo kayan da ya dace da shi. Mu kuwa sai mu fara daga kanti. Fotar Scotty Cameron ko L.A.B. ta haura dala 400, ku buga lissafinta a naira. Da rabin kuɗin nan za ka ga koci sau da yawa, ya duba maka tsawon fotarka da riƙonka da tsayuwarka.

44/ Ga wanda ke da rabin awa, ga yadda zan raba masa ita:
Minti 5: ƙofar ti ko madubi, a tabbatar da saiti.
Minti 15: nisa. Tsani, bakin girin, hawa da gangara, daga ƙafa 20 zuwa 50.
Minti 5: karatu, ƙwallo ɗaya, wuri daban kowane bugu.
Minti 5: zagayen ƙafa 3 zuwa 4, wanda ya zubar ya koma farko.
Sau uku a mako ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai.

45/ Kada ka ɗauki maganata haka nan, gwada ni. A zagaye biyar masu zuwa, rubuta abu biyu a gefen katinka a kowane rami: taku nawa ne garawarka ta farko, kuma taku nawa ta bar maka. Ka zagaye duk ramin da ka yi gara uku. Idan ka tara ramuka 90, zauna ka duba.

46/ Idan ka ga kana ajiye ta farko cikin taku ɗaya amma kana zubar da ta biyu, to kai ne mai matsalar saiti da gaske, je ka sayi madubinka da albarkata. Idan kuwa ka ga taku biyu da uku ne ke maimaituwa, kamar yadda nake zato ga mafi yawanmu, ajiye katin ATM, ɗauki ƙwallo uku da ti biyu ka nufi girin atisaye.

47/ Wanda ya yi ƙirgen ya dawo ƙarƙashin zaren nan ya ajiye mana alƙalumansa, mu gani tare. Masu ja kuma, musamman 'yan AimPoint da masu tabarma a ofis, fili naku ne, ina jira. A tura wa abokin nan da kullum yake ɗora wa kadi laifi. Allah ya ba mu sa'a. ⛳